Tsuntsu Mai Zobe a Gonar Baffa

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya Fatakwal, ya iyali da yara? Mu nan Miga lafiya lau.

Ranar Talata ɗan tsuntsu ya faɗa tarkon Baffa, da zoben ƙarfe a ƙafarsa. A majalisa Malam Idi ya dage na leƙen asirin Turawa ne, a yanka. Sau uku na karanta rubutun zoben. Na ce ina jin alamar masu binciken tsuntsaye ce daga Turai.

Baffa ya auna shi a tafinsa. "Wannan ne ya ƙetare teku da hamada? Allah ya kawo shi, ba ni zan yanka ba." Ya sake shi.

A sa mu a addu'a. Ka gaida maiɗakinka.

Ƙaninka,
Habu