Furfurar Latipah a Cikin Rariya

Malama Mastura,

Don Allah ki taimake ni da shawara, abin da ke cina na rasa wanda zan faɗa wa. Ko abokaina na masallaci da muke shan shayi tare bayan asuba, na kasa buɗe baki a gabansu. Cewa za su yi tsufa ya fara taɓa ni.

Shekarata sittin da bakwai. Direban bas ne ni kafin in yi ritaya, ina zaune a hawa na tara na wani bene a Kuantan, ƙasar Malesiya. Matata Latipah ta rasu wata goma sha ɗaya da suka wuce, bayan doguwar jinya. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ko safa ban taɓa wankewa ba. Ba alfahari nake ba, yanzu kunya abin yake ba ni.

Da ciwon ya yi nisa, ita ta matsa sai da aka sayo na'urar busar da kaya, irin wadda ba ta shan wuta sosai, mai tara ruwa a tanki. Na ce ɓarna ce, ga baranda ga igiya. Ta ce, "Kai da ba ka ganin hadari sai ya jiƙa ka? Damina ta zo ka riƙa zuwa Juma'a da jiƙaƙƙiyar riga, a ce Latipah ba ta iya miji ba?" Dariya muka yi ranar. Ashe shiri take yi mini.

Kwana biyu kafin kwanciyarta ta ƙarshe a asibiti, ta wanke zannuwanta na batik, ta busar, ta ninke. Bayan an share makoki na buɗe na'urar karon farko, na zaro rariyar nan ta bakin ƙofa mai tare burbushin zare. Malama, shimfiɗe take da zare ruwan hoda da shuɗi, launin zannuwanta sak, ga silin furfurarta uku ko huɗu a ciki. Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Sannan na mayar da ita yadda na same ta.

Tun ranar ban wanke ta ba. In zaren kayana ya taru a sama sai in tsince shi da yatsu a hankali, in bar nata a ƙasa. Wata jar fitila ta fara ƙyaftawa, na liƙe ta da salatif. Kayan da ke bushewa cikin awa biyu yanzu sai sun yi huɗu, su fito da danshi, suna wani tsami kamar tsumman goge tebur. Ni hancina ya saba. Wani lokaci ma mantawa nake, jiƙaƙƙun kaya su kwana su wuni a injin wanki.

A watan jiya ruwa ya shiga unguwar 'yata Suraya, ta dawo wurina na mako guda da jaririyarta Damia, wadda aka haifa wata uku bayan rasuwar kakarta. Na ce ta huta, ni zan yi wa jikata wanki. A kwana na huɗu ƙuraje suka feso wa yarinyar a wuya da baya. Suraya ta sunsuna tawul, ta yamutsa fuska, ta nufi na'urar. Kafin in miƙe ta zaro rariyar ta kunna famfo.

Ban san lokacin da na damƙe hannunta ba. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba tun da aka haife ta, har jaririyar ta farka da kuka. Ta dube ni, ta dubi shatin yatsuna a hannunta, ta ce, "Baba, datti ka zaɓa a kan jikarka?" Na ɗauki rariyar, ruwa bai kai ga taɓa ta ba, na mayar da ita mazauninta. Da yamma mijinta ya zo ya kwashe su zuwa gidan iyayensa.

Yau mako uku ke nan. Tana ɗaukar waya, amma daga gaisuwa sai sallama. Mijin, mutumin kirki, ya ce zai sayo sabuwar na'ura a ɗauke tsohuwar. Na ce ya bari tukuna. Na san zare ne kawai, wallahi na sani. Amma kayan Latipah an raba wa 'yan'uwa, ƙanshinta ya bar matashin kai tuntuni, wannan ne abu na ƙarshe a gidan da yake yadda hannunta ya bar shi. Shin ni na jawo wa jikata ciwo? Kuma da wane ido tsoho zai dubi 'yarsa ya ce saboda ƙurar zane ya murɗe mata hannu?

Tsohon Direba, Kuantan

*

Baba Direba,

Allah ya jiƙan Mama Latipah, ya sa jinyarta ta zama kaffara, ya ba ka haƙurin rashi. Ba tsufa ne ya taɓa ka ba, kewa ce, kuma babu abin kunya a cikinta.

Sai dai Suraya ba ta yi laifi ba. Uwa ce ta ga ƙuraje a jikin 'yarta, ta ji wari a tawul. Datti ta gani, don ba ka ba ta damar ganin wani abu ba. Damƙar hannun nan kuwa haƙuri za ka ba ta, ba kwana-kwana.

Ƙurajen ba zan yanke hukunci a kansu daga nan ba. Zafi na kawo su, sabulu na kawo su, danshin kaya ma haka, likita ne zai tantance. Amma na'urarka tana bukatar taimako. Irinta da ɗumi-ɗumi take busarwa, ba da zafi mai ƙuna ba, kuma iska ɗaya ce take ta zagayawa a ciki. In rariya ta toshe, danshi ya zauna, ƙwayoyin cuta da funfuna sun sami masauki. Tarin zare a cikin kayan wuta ma haɗari ne. Ka cire salatif ɗin nan, ka dakata da amfani da ita har a tsabtace ta.

Ba sai ka zubar da komai ba. Zaren da ya daɗe yakan ɗago a shimfiɗe kamar takarda. Ka bar shi ya bushe sarai, a ɗaga shi a hankali da bakin kati, a adana a ambulan. Daga nan a wanke rariyar, ta bushe kafin a mayar. Akwai rariya ta biyu a ƙasa, bayan wani ƙaramin murfi, wadda nake zaton ba ka taɓa buɗewa ba. Ka riƙa zubar da ruwan tanki bayan kowace busarwa, ka goge cikin gangar da kaya ke juyawa da ɗan ruwan khal, ka bar ƙofarta a buɗe ta sha iska. Tawul da zanen gado su sha ruwan zafi mai digiri sittin, shi kansa injin wankin a juya shi babu kaya da ruwan zafi lokaci-lokaci. Kada jiƙaƙƙen kaya ya sake kwana. In warin ya ƙi tafiya, surukinka ya kira mai gyara ya wanke cikinta, ba sai an kai ga sabuwa ba.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ɗaga zaren nan kai kaɗai. Ka je wurin Suraya da ƙafarka, ba ta waya ba. In baki ya gaza, miƙa mata wannan shafin ta karanta. Ita ma fa marainiya ce. Ta haihu babu uwa a gefenta, ta yi jego babu hannun da ta fi bukata. Wataƙila ranar da ta shigo gidanka da jaririya a kafaɗa ƙanshin mahaifiyarta take nema, ta tarar da tsami. Tana da haƙƙi a furfurar nan kamar yadda kake da shi, kuma har yau ba ta san tana nan ba.

Allah ya ba Damia lafiya, ya sanyaya zuciyar Suraya, ya sa kafin Juma'a mai zuwa kukan jaririya ya sake cika maka gida.

Mastura