Baba, Yau Inna Ta Aiko a Kira Wancan

Assalamu alaikum Baba. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Ɗanka da ya gudo daga makaranta a aji huɗu yau ya ci jarrabawa, kuma a kwance ya ci ta.

Tun da muka baro Zurmi na samu aiki a gidan kula da tsofaffi nan Ƙaura. Wata malamar jinya ta zo koya mana yadda ake hana gyambon kwanciya, ta nemi wanda zai zama majinyaci. Ka san ni da kwanciya, ban bari ta rufe baki ba. Aka yini ana juya ni, har jikanka Sani yana shelar an ɗauki babansa aikin barci.

Amma na riƙe karatun. Duk awa biyu a sauya wa mutum gefe, a ɗaga shi da zane, kada a ja shi. Matashi tsakanin gwiwoyi, diddige kada ya taɓa katifa, shimfiɗa a bushe. Inda fata ta yi duhu da zafi, gyambo ne ke sallama.

Nan gabana ya faɗi. Inna tana kwance a gida tun da ɓarin jikinta ya shanye, kuma matata Hajara ta ce ƙugunta ya fara duhu. Hajara ba ta iya ɗaga ta ita kaɗai. Ni kuwa ɗan fari ne. Ka tuna, ko tuwo Inna ba ta miƙa mini da hannunta, ta bakinka take aiko da faɗa. Sunana wurinta "wancan".

Ranar farko da na kama bakin zanen, bango ta juya wa fuska. Na ce ta yi haƙuri, ma'aikacin lafiya ne, ba ni ba ne.

Baba, duhun nan ya washe, fata ba ta fashe ba! Ɗazu kuma na makara wurin mai shayi, sai ga Sani da gudu. Wai Inna ta ce, "A gaya wa wancan lokaci ya yi."

Na bar shayin nan da zafinsa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka sauƙi, Ya bar mini ƙarfin hannuna muddin tana buƙatarsa.

Naka ɗan fari,
Wancan.