Ɗigon Jan Farce a Gindin Kofi

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya raba ki da hawan benen da kike kuka da shi. Mu nan kowa lafiya. Inna tana nan da rigimarta, ta rantse tabaran da aka canza mata ya fi tsohon duhu, amma da shi take zura zare a allura. Maigidana ya koma aiki, ƙafar ta warke. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, don na san in na ji muryarki abin da ke raina ba zai fito ba. Yaya, na yi abin kunya, kuma lafiyar Maman Biyu ce take neman biyan laifina.

Kin san tun rasuwar Yaya Babba, shekara shida ke nan, ta hanyata matarsa, Maman Biyu, take karɓar maganinta. Ba ta son zuwa asibitin unguwa inda kowa ya san fuskarta, sai ta riƙa zuwa wanda ɗakin bincikenmu yake ciki. Duk wata uku nakan tare ta a ƙofar baya, in raka ta har gaban likita. Bara aka sauya mata magani saboda na farkon ya daina yi mata aiki, sabon kuwa ya karɓe ta sosai, har gwaji ba ya ganin ƙwayar HIV ɗin a jininta. Makonni uku da suka wuce na je shagonta ɗaukar ɗinki, na tarar ta shimfiɗa yadi a tebur tana ja masa alli. Ta ce shekara da shekaru tana haɗiyar abu ba ta san me yake yi a cikinta ba, tun da ni ce mai leƙen ƙwayar nan ta madubin na'ura kullum, in yi mata bayani irin na mutane. Kin san ni da son a tambaye ni. Na ajiye jaka, na gyara zama.

Na ce mata ƙwayar ba ta iya haihuwa da kanta, sai ta shiga farar ƙwayar jinin mutum ta mayar da ita ma'aikatarta. Abin da ake fara ƙera mata wani dogon furotin ne, ɗaya tal, kamar yadin da ke gabanta wanda ba a yanka ba. Irinsa sama da dubu biyu suke taruwa su jeru a jikin fatar ƙwayar jinin daga ciki, su jawo zare biyu masu ɗauke da bayanan gadon cutar, su yi ta turo fatar waje har ta kumbura ta tsinke. Da fatar ƙwayar jinin mutum take yin mayafi ta fita. Amma a lokacin ɗanya ce, ba ta iya kama kowa. A cikin yadin nan akwai almakashinta, ɓari biyu, sai sun haɗu yake ci. Shi ne yake yanka dogon furotin ɗin wuri biyar, bi da bi, ba ya tsallake. Daga nan guntayen su sake zama, wasu su dunƙule zaren gadon, wasu su haɗu su yi masa kwanso mai siffar mazurari. Sai ta nuna, sai ta zama abin tsoro. Maganinta kuwa tsakanin bakin almakashin yake shiga ya cije, yankan ya gagara.

Yaya, ɗaliban da nake koyarwa a asibitin sukan yi mako biyu suna tauna wannan darasi, ita kafin in rufe baki ta gane. Ta ɗaga almakashinta tana dariya, ta ce ashe ita da cutar sana'arsu ɗaya, kuma yadin da ba a yanka ba ai ba ya zama riga. Sannan ta sauke murya ta tambaye ni ko 'yan biyunta za su iya ɗauka in sun sha ruwa a kofinta, don abin ya daɗe yana cin ta. Na cika baki na ce ko da ba ta shan magani, ba a ɗaukar cutar nan ta kofi ko cokali ko kwano, duk mai ware mata kaya jahilci ne yake damunsa. Da bakina na faɗi kalmar jahilci, har ina buga tebur.

Ranar Asabar ta biyo gidana ta kawo sauran ɗinkin. Na haɗa mata shayi, muka sha, muka yi hira. Aka kira ni a waya na fita baranda. Kin san halinta, ba ta iya barin abin da ta ci a ciki wani ya wanke. Ta ɗauki kofin ta shiga kicin, ta wanke, ta kife shi, sai ga ɗigon jan farce a gindinsa. Ta buɗe kabad tana neman inda za ta ajiye, ta ga 'yan'uwansa a can saman, faranti ɗaya, cokali ɗaya, kwano ɗaya, kowanne da jan ɗigonsa, nesa da na kowa. Da na shigo na same ta a tsaye da kofin a hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗora shi a mazauninsa daidai, ta rufe kabad ɗin a hankali, ta ce in gaida maigida. Ni kuwa ina nan tsaye a kicin har na ji ƙarar ƙofa.

Zan so in ce miki mantuwa ce, amma ƙarya zan yi. Na sa alamar ne a makon da Yaya Babba ya rasu, lokacin ina goyo, tsoro ya cika mini ciki. Ba wanda ya sa ni, maigidana bai ma san da ita ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk sa'ad da jan farcen ya koɗe, da hannuna nake sabunta shi. Da safe in tsaya gaban allo ina zana wa ɗalibai inda almakashin yake yanka, da yamma in miƙa hannu saman kabad in ta zo. Na san girman ƙwayar nan, na san siffarta ɗanya da nunanna, na san ba ta rayuwa a kofi, amma sanin ya tsaya a kaina bai sauko hannuna ba. Wallahi ko madubi ba na son kallo kwanakin nan.

Talatar da ta wuce ce ranar ganin likitanta. Na tsaya a ƙofar baya har azahar, ba ta zo ba, ba ta kuma ɗauki wayata ba. A lissafina maganin da ya rage mata bai wuce na kwana tara ba. In ya yanke, almakashin zai koma aikinsa, in kuma aka yi ta sha ana bari, ƙwayar tana iya sauya bakinsa yadda maganin ba zai ƙara kama shi ba. Wannan ne magani na biyu, abin da ya saura bayansa ba shi da yawa. Shekaranjiya na cire kunya na je shagon. Ta tarbe ni da fara'a, ta share mini kujera, ta tambayi lafiyar Inna. Na fara ba ta haƙuri ta ce ba komai, ai kowa da tsarin gidansa. Sai ta aika aka sayo mini ruwan roba, ta sa gefen mayafinta ta riƙo shi ta ajiye a gabana, ta ce in sha hankali kwance, ba a buɗe ba. Na buɗe shi na sha a gabanta.

Don Allah Yaya ki kira ta yau ɗin nan, ke kaɗai take jin maganarki. Kada ki roƙa mini gafara, ban kai nan ba tukuna. Ki ce mata na yi magana da wata ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa tarar ta a ƙofar, kuma duk ranar da za ta zo ni ba zan je aiki ba. In ganina ne ya hana ta zuwa, ba za ta gan ni ba, ta je ta karɓi maganinta kawai.

Ki gaida maigidanki da babbar 'yarki da autanki mai ƙiriniya, da Gwaggo in kin leƙa ta. Inna tana gaishe ku, ba ta san komai ba, ni zan gaya mata da bakina. Allah ya bar zumunci, ya sa ta ɗauki wayarki.

Ƙanwarki da ta ba ki kunya,
Auta