Motata ta kwana a sama

Laraba, bayan isha'i

Barci ya ƙi zuwa. Yau aka kafa mini injin ɗaga mota a garejin gida, don bayana ya gaji da kwanciya ƙarƙashin mota. Zumuɗi ya sa na ɗora tawa a gwada. Tana kaiwa sama aka ɗauke wuta, duk unguwarmu ta Ƙofar Guga. Wanda ya haɗa injin ya ce sai ya ɗan ƙara ɗagawa sannan makullin da ke riƙe motar zai saki ta sauko, janaretona kuwa ya kasa ja.

Ga matata Hauwa ta shiga watan haihuwarta. Ta leƙo, ta daɗe tana kallon tayoyin, ta ce, "Malam, in naƙuda ta tashi cikin dare, tsani za ka kafa mini?"

Na yi dariyar yaƙe, ita ko murmushi ba ta yi ba.