Ka San Tarihin Lodz, Ba Ka San Kabarin Baba Ba

Assalamu alaikum, Ya Bukar.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyi. Ƙanwarka ce Falmata, daga gidanmu na unguwar Gamboru a Maiduguri. A nan shafinka na rubuto maka inda kowa zai gani, tunda na lura abin da aka sa a bainar jama'a kaɗai kake amsawa.

Na karanta rubutunka na shekaranjiya a kan garin da kake, Lodz ta ƙasar Poland. Ka ce "Wuj" ake faɗa, ma'anarsa kwale-kwale, alhali garin ba shi da babban kogi, ƙoramunsa ma an rufe su a ƙarƙashin titi. Ka ce da ɗan ƙauye ne, masaƙu suka mai da shi birni. Ka jero hotunan tsofaffin masana'antun jan bulo da aka gyara suka zama kantuna, da dogon titin nan da ka ce sai ƙafa ta gaji kafin a kai ƙarshensa. Jama'a sai yaba maka suke yi. Ni kuwa kife wayar na yi don kada in maka ta da bango.

Bari ni ma in ba ka tarihi.

A watannin da aka yanke mana layin waya a Borno, Baba ya fita sayo shanu kasuwar ƙauye, shi da abokansa dillalan Kasuwar Shanu. Mama ta hana shi, ya ce, "In na zauna, me za a ɗora?" 'Yan bindiga suka tare motarsu a hanya. Washegari aka kawo mana shi a bayan a-kori-kura, an rufe shi da tabarma. Rawaninsa na fara ganewa. Maƙwabta ne suka yi masa wanka, suka kai shi, ana sauri kafin dokar hana fita. Ɗansa namiji tilo yana can yana karatun injiniya, ba mu da hanyar sanar da shi.

Ranar da layi ya dawo, saƙonninka suka yi ta shigowa, duk hotunan gine-gine. Ban ga laifinka ba, ba ka sani ba. Da na faɗa maka ka yi kuka, ka ce da zarar ka gama jarrabawa za ka zo. Ka gama. Ka ce sai ka karɓi takarda. Ka karɓa. Yanzu kuma kamfanin firij ɗin da ya ɗauke ka ne ba ya ba da hutu. Ya Bukar, wa kake yi wa wayo?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ƙarshen rubutun naka. Ka ce ka je tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka kwashi Yahudawan garin lokacin yaƙin duniya na biyu aka kai su ga halaka, ka tsaya gaban wani tarago da aka adana a wurin har hawaye ya zubo maka. Ban hana ka ba, rai rai ne. Amma ashe kana da hawaye? Ashe ƙafarka na iya kai ka inda aka zalunci mutane? Mu nan ba taragon da aka adana mana. Unguwarmu ta cika da zawarawa, gidan kawu Modu iyali uku ne a ciki, duk 'yan gudun hijira. Ko layi ɗaya ba ka taɓa rubutawa a kanmu ba. Abokinka Yohanna da kuke tare a can, ɗan malamin makarantar nan na Biu, da ya zo ganin gida, shi ya ce min in an tambaye ka garinku sai ka ce "wajen Kano". Maiduguri ce ta zama abin kunya?

To ga abin da ya sa na rubuto. Idon Mama na hagu ya tafi. Na dama ma inuwa-inuwa take gani, likita ya ce ba zai daɗe ba. In ka sa hoto, sai ta ce in kara mata wayar dab da fuskarta. Ba ta tambayar ginin. "Ya rame ne, ko hasken ne?" Kullum tambayarta ke nan.

Ban manta ba, kai ne kake goyo na a keke zuwa makaranta a Hausari, in mun zo gada ka ce, "Riƙe ni da kyau, sarkin tsoro." Wannan yayan nake nema. Na san kana jin tsoro, mu ma muna ji, a haka muke zuwa kasuwa mu dawo. Ba cewa na yi ka dawo da zama ba. Ka zo ta gan ka tun tana iya gani, in raka ka makabarta in nuna maka wajen kabarin Baba daga bakin ƙofa, sannan ka koma.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa kabarinsa ya zama dausayi. Allah Ya bar wa Mama ɗan hasken da ya rage har ka iso. Kai kuma Allah Ya tsare ka, Ya karkato da zuciyarka gida.

Taka, wadda har yanzu take fushi, take kuma share ɗakinka,
Falmata.