Sanarwar da ta tari Turai a hanya

Assalamu alaikum Anti Kulsumu. Don Allah ki taimaka min da shawara, yau wata biyu ke nan na kasa rubuta ko layi ɗaya.

Ni matar aure ce, ina zaune a wajen Bebeji. Iyayenmu suna cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga garuruwansu, dangi suka warwatsu, wasu Kiru, wasu Tudun Wada, wasu har Riruwai. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na buɗe shafi a intanet ina sa labarin mutanenmu: haihuwa, ɗaurin aure, amma yawanci rasuwa. Bokona bai yi nisa ba, allo na fi sani, sai dai ban taɓa sa sunan mamaci ba sai na ji daga bakin mutum biyu.

Wata Laraba wani dattijo, in kira shi Malam Buba, ya rasu da safe. Na tabbatar, na sa sanarwa da lokacin jana'iza don jama'a su samu sallah. Abin da ban tambaya ba shi ne ko an gama sanar da iyalinsa. 'Yarsa, ita kuma in ce mata Turai, tana aure a Riruwai, da ciki wata bakwai. Kin san yadda ake yi. An kira ta an ce jikin Baba ya ɗan matsa, ta taho, don sai ta iso cikin 'yan uwa a faɗa mata. Tana cikin motar haya, ba wanda ta sani, ta buɗe waya ta ga hoton mahaifinta a shafina. Kafin su kai Tudun Wada jini ya ɓalle mata. Ita ta tashi, jaririn bai zo da rai ba.

Ba wanda ya zage ni. Na je gaisuwa, mahaifiyarta ta ce ƙaddara ce, har ruwa ta miƙo min. Turai na ɗaki, na kasa shiga.

Rufe shafin kam na riga na yanke. Sallamar ce ta gagare ni. Mutane sai turo saƙo suke, har wani ya tambaya ko ni ce na rasu. In na ce rashin lafiya ce, na yi ƙarya. In na faɗi gaskiya, kowa zai gane wace ce, na jefa baiwar Allah a bakin duniya. In kuwa na goge komai na yi shiru, na ci amanar mutanen da suka yarda da ni. Yaya zan yi?

'Yar Tsohon Gari

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya jiƙan dattijon, ya ba Turai lafiya da ladan haƙuri.

Ba zan ce ba ki yi kuskure ba, kin yi. Amma niyyarki a samu masu sallah ce, kuma daga ni har ke babu mai iya rantsuwa cewa sanarwar ce kaɗai sanadi.

Kafin ki rubuta wa kowa, ki koma gidan ki shiga wajen Turai. Ki nemi yafiyarta ba tare da dogon bayani ba. In ta yi shiru kada ki matsa mata, ba dolenta ba ne ta sauke miki nauyi a ranar.

Sallamar kuma ki taƙaita. Ki gode wa jama'a, ki roƙi gafarar duk wanda rubutunki ya taɓa cutarwa, ki ce kin ajiye aikin bisa wani dalili da ba naki ke kaɗai ba ne, don haka ba za ki bayyana shi ba. Babu ƙarya a nan, babu tonon asiri. Tsofaffin sanarwa kuma kada ki goge su, akwai marayun da can kawai suke ganin fuskar iyayensu.

Wasu za su yi ta zato, wasu ma su ce girman kai ne. Ki ƙyale su. Wannan zargin ya fi miki sauƙin ɗauka a kan abin da Turai za ta ɗauka in kika wanke kanki a bainar jama'a.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya karɓi aikin da kika yi.