Rami Na Biyar

Santiago, Chile, watan Mayu

Zuwa ga ƙanwata Hermelinda,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Inna da Gwaggo Zoila, da autanmu Nicanor in ya tashi daga barci. Mijinki Rigoberto ma ki gaishe shi, tunda gaisuwa ba saye ake yi ba. Ni dai ina nan inda kika sani, ina buɗe wa mutane ƙofar benen da ba nawa ba, su wuce ko kallo ban ishe su ba. Sanyi ya shigo, gwiwata ta hagu ta soma gunaguni.

Ga saƙo nan a hannun Doña Casilda mai kai kaya a bas. Ki je tasha da kanki, kada ki aiki Nicanor. In kin kwance za ki ga ɗan akwatin ƙarfe, bai fi sabulun wanki biyu ba, da ramuka biyar a jikinsa. Na raba intanet ne.

Na gaji, Hermelinda. Duk Lahadi sai in sa riga mai kyau, in taje kai, in kira Inna a kwamfutar da na aiko mata, in ga rabin goshinta, hoton ya daskare. Wancan makon na daɗe ina ba hoto labarin gwiwata kafin in gane ni kaɗai nake. Na'urar kamfanin intanet tana hawanku, kuma kankaren da marigayi Baba ya zuba tsakaninku da ɗakin Inna ko muryar Gwaggo ba ta ratsa shi, balle intanet mai tafiya a iska. Maganin abin waya ce, kowa da tasa.

Ki karanta wa mijinki wannan a hankali, sau biyu. Rami na ɗaya na wayar da ta fito daga na'urar kamfani ne, ta nan abin yake shigowa. Na biyu naku. Na uku na Nicanor, ya kalli ƙwallonsa ya bar mutane su huta. Na huɗu na Gwaggo da wasanninta na talabijin. Na biyar na Inna, kuma don shi kaɗai na sayi akwatin, sauran ku albarkacin kaza ne ƙadangare ke shan ruwan kasko. Ba a saita komai, ba lambar sirri. A soka waya, 'yar fitila ta kama kore, shi ke nan. In fitila ba ta kama ba, to babu komai a ɗaya bakin wayar.

Mai kantin ya so ya liƙa mini mai ramuka takwas, wai don gaba. Na ce masa, bawan Allah, ba ka san unguwarmu ba. Rami in ya wuni ba kowa a Comas, kafin rana ta faɗi maƙwabci ya shinshino shi. Ki tuna famfon ƙofar gidanmu, da yadda ya zama na layi gaba ɗaya. Biyar na saya, biyar cif.

Ki hana Inna lulluɓe shi da ɗan kyallen saƙarta kamar yadda take yi wa rediyo. Yana bukatar iska.

In ta sake tambayar ranar zuwana, amsar ba ta canja ba. Na rantse ba zan taka gidan nan ba sai ɗakina na sama ya samu rufi. Ba zan dawo in kwana ƙarƙashin rodi tsirara mutane su ce shekarun nan duk me ya je yi ba.

Ki huta lafiya. Yayanki,
Leoncio

Comas, Lima, watan Yuni

Yaya Leoncio,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. In da kana shafa man da na aiko maka maimakon ajiye shi don ranar da za ta fi tsanani, da tuni ta daina gunaguni.

Akwati ya iso, kuma ya tara jama'a. Gwaggo ta ɗaga shi ta girgiza kusa da kunne, ta ce, "Wannan ɗan abin ne aka sha hanyar Chile dominsa? Ko motsi ba ya yi." Rigoberto ya ari na'urar huda bango, ya huda wuri uku kafin ya dace, ɗaya ya ɓullo bayan hoton bikinmu. Kada ka yi dariya, da bakinsa ya hure ƙurar don Inna na kallo.

Mun haɗa, fitilu suka kama, aka yi tafi. Washegari komai ya mutu. Ba ƙwallo, ba wasan Gwaggo, yara ba aikin makaranta. Fitilun kuwa sai ƙyafta ido suke kamar mahaukata. Rigoberto ya zagi kamfani, Gwaggo ta zagi Chile, ni na zage ka kaɗan. Ashe Nicanor ne ya ga ragowar waya a ƙasa, ya zare wayoyi biyu, ya soka bakunanta duka biyun a cikin akwatin, wai don kada kyanwa ta tauna. Na ce, "Kai, uban 'yan gyara, wa ya aike ka?" Ya ce ai tsafta yake yi. Rabonsa da tsintsiya tun yana firamare. Da aka zare ta aka mayar da na da, komai ya dawo.

Kyalle kuwa na hana, an ji. Sai dai yanzu akwai ɗan gunkin waliyyi a kan akwatin, da kyanwa a gefensa don ɗumi. Waliyyin ba shi da nauyi. Kyanwar ce dai.

Yanzu maganar da za ta ɓata maka rai. Ramuka biyar duk a cike suke, amma fitila huɗu ce ke ci. Ta biyar ba ta kama ba, kuma ba lalacewa ta yi ba. Kada ka sa riga mai kyau ranar Lahadi, Inna ba za ta kira ba tukuna. Lafiyarta ƙalau, jiya ma ita ta kori mai karɓar kuɗin ruwa har bakin titi. Rigoberto ne ya ja wayar ta biyar, doguwa ce, sai da ya ƙaro. Iyakar abin da aka yarda in faɗa ke nan, kuma ka san wadda ba a ƙetare maganarta a gidan nan.

Ga barkono da busasshiyar masara a hannun Doña Casilda. Ka ci, kada ka ajiye.

Ƙanwarka,
Hermelinda

Santiago, watan Yuli

Hermelinda,

Ina gaisuwa, a gajarce.

Doguwar waya. Sai da ya ƙaro. Daga akwatin zuwa teburin Inna taku nawa ne da har za a ƙaro waya? Ni ba yaro ba ne. Na zauna a kujerar gadina na auna unguwar nan a kaina gida gida, kuma waya mai wannan tsawo wuri ɗaya take zuwa: shagon askin Don Aurelio, inda mijinki yake wuni yana gyara gwamnati da baki. Wato na hana kaina nama, na tsaya a kanti ina jayayya da yaron da bai kai ɗan cikina ba a kan akwatin ƙarfe ko na roba, don masu jiran aski su kalli dambe, uwata kuma tana zaune da kwamfuta kamar faranti.

Kuma mijin naki ya iya, ya sa Inna ta rufa masa asiri. Na san yadda aka yi. Ya kawo mata biredi mai zafi ya ce "Inna, maƙwabci ai ɗan'uwa ne," ita kuma zuciyarta ta narke. Haka aka yi da famfo.

Ba na ƙin Rigoberto. Shi ya ɗauki Baba a bayansa zuwa asibiti lokacin da ni ina nan ina buɗe ƙofa, ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma wannan daban, wancan daban. Ki gaya masa ya zare wayar nan ya mayar da ita ɗakin Inna kafin Doña Casilda ta juyo. In ba haka ba, a naɗe akwatin a dawo mini da shi, in dafa shayi a kansa.

Abu ɗaya na roƙa a gidan nan. Ban ce a tuna da ni ranar haihuwata ba, ban ce a daina shanya a ɗakina ba. Fuskar uwata kawai na ce, gaba ɗayanta, tana motsi.

Barkonon ya iso. Ya yi daɗi, na gode.

Leoncio

Comas, watan Agusta

Ɗana Leoncio,

Ni ce uwarka Eulogia. Hermelinda ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce ta karanta mini bayan ta gama don kada ta rage. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka, ko da yake wasiƙarka ta ƙarshe ba ta nemi albarka ba.

Ka ci mutuncin Rigoberto a banza. Mutumin nan ya hau tsani da tsakar rana, ya bi bango da waya a baki kamar ƙadangare, ya sauko wandonsa a yage, yara suna dariya. Ni na sa shi. Ya ce, "Inna, Yaya zai kashe ni." Na ce kafin ya kashe ka sai ya zo, to ka ga an yi riba.

Wayar ba ta je shagon Aurelio ba. Sama ta hau, ɗakinka. Ta shiga ta inda taga za ta zauna, an ɗaure bakinta a jikin rodi, na sa mata leda don raɓa. Ɓerayen Masar da nake kiwo a ɗakin don tukunya sun yi ta kallonta, ba su taɓa ba, sun fi Nicanor hankali.

Da Hermelinda ta karanta mini wasiƙarka ta farko na ƙirga da yatsa. Na kamfani, na Hermelinda, na Nicanor, na Zoila, nawa. Na ce ina na Leoncio? Ka raba wa kowa ƙofa a gidan ubanka, ka manta da kanka, kamar wanda ya riga ya mutu yana rabon gado. Ni ban haifi baƙo ba. Tunda ka yi rowar ramuka, na ba ka nawa.

Ka ce fitila ba ta kamawa sai akwai wani abu a ɗaya bakin. Na ji wannan da kyau. Kullum da safe in na zo goge waliyyi ina duba ta biyar. Ba ta kama ba, na san ba ka zo ba, ba sai na tambayi kowa ba. Wannan akwati ya fi ka faɗin gaskiya.

Kana son fuskata gaba ɗaya tana motsi. Tana nan, kullum motsi take, tambayi Zoila. Amma ba zan sa ta a waya ba. In na sa, za ka zauna can kana kallona duk Lahadi da taje kai har ranar da za a nuna maka akwatin gawata a kwamfuta, shi ma ya daskare.

Maganar rufi kuma. Leoncio, a nan aka haife ka. Yaushe ka taɓa ganin ruwan sama a Lima? Ɗan yayyafin da ko gashin kyanwa ba ya jiƙawa? Ni da ubanka mun shekara biyu ƙarƙashin tabarma a filin nan kafin a sa bulo ɗaya, a nan aka samu cikinka. (Yaya, na ce mata wannan ba na wasiƙa ba ne, ta ce in rubuta.) Mutanen da kake jin kunya, rabinsu sun mutu, sauran ba sa gani sosai.

Ka nemi gafarar Rigoberto. Ka shafa man gwiwa.

Uwarka,
Eulogia

Santiago, watan Satumba

Hermelinda,

Gaisuwa gare ku duka.

Ki ce wa Rigoberto na yi masa ƙazafi, ya yafe mini. Ga wando nan a cikin kayan, in bai yi masa ba laifin cikinsa ne.

Na koma kantin nan don in sayi mai ramuka takwas a huta. Yaron ya gane ni, ya ɗauko yana murmushi. Na juya shi a hannu, na tuna wadda zan aika wa, na san ko mai ramuka ɗari ne sama za ta sa a ja su duka. Na ajiye masa abinsa.

Ban yi alkawarin komai ba, kada Gwaggo ta soma gayyatar mutane. Na dai tambayi Doña Casilda ko bas ɗin Disamba yana da kujerar da mai ciwon gwiwa zai miƙe ƙafa. Ta ce akwai ɗaya, kusa da ƙofa.

Ki ce wa Inna ta kwashe ɓerayenta daga ɗakina, ta bar biyu masu ƙiba. Kada kowa ya taɓa rami na biyar. Nicanor nake nufi.

Yayanki,
Leoncio